Babi na Huɗu: "Likita, A Buɗe Masa Ruwan Mana"

Me ya sa likitan yau yake ƙin abin da likitan jiya ya yi da hannunsa? Tambaya ce da masu jinya ke yi kullum a barandar asibiti, a Jimeta ne ko a cikin garin Yola, kuma ba ta fi tasowa a kan komai ba kamar a kan ƙarin ruwa. An kawo yaro cikin dare, jiki zafi rau, ya daina karɓar komai a baki, tafin hannu da na ƙafa sun yi sanyi ƙalau. Nas ta samu jijiya, an ɗebi jini an kai awo, an yi allura, an rataya leda. Amma an matse ruwan, ɗis-ɗis yake sauka. Sai uban ya matso kusa, ya rage murya: "Likita, yaron nan fa ya galabaita. A buɗe masa ruwan mana." Wataƙila ma ya ƙara da cewa shekarun baya ya kawo wan yaron da irin wannan ciwo, kuma kafin asuba an ɗura masa leda guda cur.

Uban bai yi laifi ba. A wurinmu ƙarin ruwa shi ne shaidar an kama aiki, wanda ya je asibiti ya dawo ba a rataya masa leda ba gani yake an raina ciwonsa. Likitan jiya ma ba ganganci ya yi ba, abin da malamansa suka koya masa ya yi. Abin da ya shiga tsakanin likitocin nan biyu wani gwaji ne da aka yi a gabashin Afirka, sai kuma dacen da na biyun ya yi, labarin gwajin ya iso gare shi.

Yara 3,141

Shekaru da dama abin da ake koya wa ɗalibin likita shi ne, idan yaro mai zazzaɓi mai tsanani ya fara sanyin hannu da ƙafa, bugun jijiyarsa ya yi rauni, to jini ba ya kai wa gaɓoɓinsa yadda ya kamata, a yi maza a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya. Haka littattafan Ingila da Amurka suka ce, haka ake yi a asibitocinsu, kuma maganar ta shiga hankali. Sai dai ba a taɓa yi mata babban gwaji a kan irin yaranmu ba, waɗanda yawanci maleriya ce ta kwantar da su ta shanye musu jini, a asibitin da ba shi da injin taya numfashi idan abu ya rikice.

A 2009 wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Kathryn Maitland ta fara gwajin da aka sa wa suna FEAST a asibitoci shida na Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Su kansu masu binciken tsammaninsu ruwan zai ceci rai. Kowane yaro ya samu maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta, da ƙarin jini in yana buƙata, da ruwa a hankali daidai abin da jiki ke nema. Bambanci ɗaya ne: kashi biyu cikin uku na yaran an ɗura musu ruwa mai yawa cikin awa guda, sauran ba a ɗura musu ba. Ƙuri'a ce ke yanke ɓangaren da yaro zai faɗa, likita ba shi da zaɓi.

A watan Janairun 2011, bayan yara 3,141 sun shiga, kwamitin da ke sa ido ya ce a tsaya haka. Cikin kwana biyun farko, kashi 10.5 cikin ɗari na yaran da aka ɗura wa ruwa sun rasu. A ɗaya ɓangaren, kashi 7.3. Abin da ake yi don ceto, shi ne yake ƙara kashe yara uku a kowane ɗari. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara ƙa'idarta ta kula da yara a sashen gaggawa, ta taƙaita irin yaron da za a ɗura wa ruwa da sauri.

A nan sai a yi hattara, kada mai karatu ya tashi da cewa ƙarin ruwa guba ne. Gwajin bai haɗa da yaran da amai da gudawa suka zuƙe ba, bai haɗa da masu ƙuna ba. Mai kwalara, irin wadda ta ɓarke a Mubi a 2018, ruwa ne ya zube daga jikinsa, kuma mayar da shi cikin gaggawa ne ke tsayar da shi a duniya. Likitan da ya haddace "ba a ɗura ruwa" ya tsaya nan, ya fi wanda bai ji labarin gwajin ba haɗari. Sanin sakamako rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin a kan su wa aka yi gwajin.

Abin da ido ba ya gani

Wani abu a labarin FEAST ya fi alƙaluman tsaya mini a rai. Ma'aikatan da ke kan yaran sun ga da idonsu yaran da aka ɗura wa ruwa suna farfaɗowa: hannu ya yi ɗumi, bugun jijiya ya dawo. Ba ƙarya idonsu ya yi musu ba, a awar farko hakan na faruwa. Daga baya ne zuciya ke gazawa, wataƙila bayan wanda ya ɗura ruwan ya tashi aiki ya tafi gida da farin cikin ya ceci yaro.

Mukan ce gani ya kori ji, amma akwai abin da gani ba ya kamawa. Likitan da ya duba irin waɗannan yara 30 ya ɗura musu ruwa, yaro ɗaya tak zai rasa fiye da wanda bai ɗura ba. Ta yaya zai gane wannan ɗayan a cikin sauran da ciwon kansa ya ɗauke? Zai ce ciwon ne ya yi tsanani, iyaye su ce kwana ne ya ƙare. Rai da mutuwa na Allah ne, babu mai ja da wannan. Amma neman sababi a wuyanmu yake, kuma sababin da ya ɓuya haka sai an tara dubban majinyata an ƙirga kafin ya fito. Ƙuri'ar kuma dalilinta a fili yake. In aka bar wa likita zaɓi, zai ba waɗanda suka fi jigata maganin da ya yarda da shi, ko kuwa waɗanda yake ganin za su tashi, sai ɓangarorin biyu su bambanta tun kafin a fara, ƙirgen ya tashi a banza.

Wannan salon tunani, na tambayar kowace al'adar asibiti ina hujjarta, a jami'ar McMaster ta Kanada ya samu suna a farkon shekarun 1990, a hannun su Gordon Guyatt da David Sackett. Ba su ce a jefar da ƙwarewar likita ba. Cewa suka yi a haɗa ta da mafi ingancin gwajin da ake da shi, da kuma halin majinyacin da ke kwance a gabanka. Hausawa sun riga sun taƙaita zancen: sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kuma an gwada, an sha mamaki ba sau ɗaya ba. Fiye da shekara 30 ana yi wa waɗanda suka bugu a ka allurar rage kumburi da ake kira sitiroyid, da tunanin za ta sassauta kumburin ƙwaƙwalwa. Da aka gwada a kan mutum 10,008, sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna kashi 21 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar sun rasu cikin mako biyu, waɗanda ba a yi wa ba kashi 18. Duk wanda ya san yawan haɗarin da ake kwasowa daga hanyar Numan, ko ta Girei zuwa Song da Gombi, ya san wannan darasi namu ne. Haka allurar da aka yi wa yaron nan mai zazzaɓi: da kwinin za a sa masa a leda, yau atesunet ake yi. Dalili shi ne gwajin AQUAMAT na 2010, a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori a nan Najeriya, inda mace-mace suka sauka daga kashi 10.9 da kwinin zuwa 8.5 da atesunet.

Daren Jambutu

Mutanen Jimeta ba sa buƙatar a kwatanta musu abin da ake nufi da gaggawa. Bayan Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, Yola ta cika maƙil da 'yan gudun hijira, kuma a 2015 tashin bam ya biyo su har gida. Ranar 4 ga Yuni a babbar kasuwar Jimeta, mutum fiye da 30 suka rasu. Ranar 23 ga Oktoba a masallacin Juma'a na Jambutu, aƙalla 27. Sai daren Talata 17 ga Nuwamba, kusa da kasuwar 'yan gwari da tashar tifa, mutum 32 suka rasu, kimanin 80 suka jikkata. Asibitin Ƙwararru da asibitin tarayya da aka fi sani da FMC aka kwashe su. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya saka wa waɗanda suka kwana a tsaye a kan masu rauni.

A irin wannan dare babu wanda zai buɗe littafi. Abin da hannu zai yi an riga an yanke shi tun watannin baya, ranar da aka koya ko ba a koya ba. Kuma abin da aka koya daga tarin irin waɗannan masifu a duniya ya saɓa wa abin da zuciya ke ba mutum. Waɗanda ke fara isowa asibiti galibi su ne masu ɗan dama-dama, domin su ke iya tashi su tari Keke Napep da kansu. In aka ba su gadaje da ma'aikata gaba ɗaya, lokacin da za a sauke waɗanda ke bakin mutuwa babu wurin sa su. Mai ihu yana kiran sunan Allah da ƙarfi, maƙogwaronsa a buɗe yake, jini na kai wa ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya yi tsit a gefe, ya yi fari fat, gumi mai sanyi na keto masa, shi ne abin tsoro. Shi ya sa ake tsayar da mutum ɗaya a ƙofa, gogaggen nas ko likita, ba ya ɗinki ba ya allura, aikinsa kawai ya dubi kowa cikin 'yan daƙiƙu ya ware: ja a shiga da shi yanzu, rawaya ya ɗan jira, kore ya zauna can. A idon ɗan'uwan mai kore wannan rashin imani ne. A gaskiya shi ne adalcin da ke sa a fitar da mafi yawan mutane da rai.

Tantancewa a ƙofa kaɗai tana da nauyin da ba a zato. A asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, su Farfesa Elizabeth Molyneux sun gyara tsarin karɓar yara, suka koya wa ma'aikata ware mai tsanani tun daga layi, sai mutuwar yaran da aka kwantar ta sauka daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 ta koma 6 zuwa 8. Ba sabon magani suka kawo ba.

Bayan tantancewa sai matakai biyar da ake bi a jere a kan kowane majinyaci, kome ciwonsa: hanyar iska a buɗe take, yana numfashi yadda ya kamata, jini na zagayawa ko yana zuba, yana cikin hayyacinsa, sannan a yaye tufa a juya shi a duba ko'ina, domin ƙaramin rami a baya ya isa ya kashe mutumin da aka shagala da ɗinke masa goshi. In kuwa jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, shi ake fara tarewa: a danne da ƙarfi, in ya ƙi a ɗaure sama da ciwon tam, a rubuta lokacin da aka ɗaure.

Awa uku

Akwai wata allura mai arha, tiranezamik, wadda wasu masana biyu 'yan Japan, mata da miji, Utako da Shosuke Okamoto, suka gano a farkon shekarun 1960. Aikinta hana gudan jinin da ya toshe ciwo narkewa. Ta yi kusan shekara 50 ana amfani da ita a ƙananan abubuwa kafin a gwada ta a kan masu haɗari. Gwajin CRASH-2 na 2010 ya haɗa mutum 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, Najeriya na ciki. Mace-mace suka sauka daga kashi 16 zuwa 14.5.

Mai karatu zai iya cewa ɗaya da rabi cikin ɗari ai ba wani abu ba ne. A lissafa shi da yawan waɗanda ke zubar da jini a titunanmu kowace shekara, za a ga gidaje nawa ne ba za a yi zaman makoki ba. Sai dai da aka sake bin alƙaluman a 2011, wani sharaɗi ya fito. Amfanin allurar ya fi yawa a awar farko, yana nan har zuwa awa uku, bayan awa uku kuwa babu amfani, har ma alamu sun nuna tana iya ƙara mutuwa. Gwajin WOMAN na 2017, a kan mata 20,060 masu zubar jini bayan haihuwa, waɗanda dubbai daga cikinsu a asibitocin Najeriya suke, ya sake nuna muhimmancin lokacin: in an yi ta cikin awa uku, mutuwa ta zubar jini na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

To ga inda ilimi ke cin karo da tsari. Likita na iya sanin duk wannan, amma in allurar tana kulle a kantin magani, sai an rubuta takarda, ɗan'uwa ya bi layin biyan kuɗi, ya dawo a ce babu, ya fita neman kemis da tsakar dare, to awa ukun ta tafi. Koyarwar da ta tsaya kan sunan magani da awonsa, ba ta kai ga tambayar a wace durowa yake ba, wa ke riƙe da makulli, ba ta gama aikinta ba.

Kwalba da minti 20

Ɗaurin nan da ke ceton wanda bam ya yanke wa jijiya, shi ne kuma ke ruɓar da ƙafar manomin da maciji ya sara. A kwarin Binuwai, daga gonakin Numan, Lamurde da Guyuk har zuwa Kaltungo a jihar Gombe, kububuwa ce ke yawan sarar mutane, musamman lokacin shuka da girbi. Dafinta na hana jini daskarewa. Abin da aka saba yi a ƙauye, ɗaure ƙafa da igiya ko roba, tsaga wurin da reza, tsotsa, liƙa baƙin dutse, babu ɗaya da aka tabbatar yana fitar da dafi, kuma tsagar ƙofa ce ake buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba.

Gwajin da ke nuna ko dafi ya shiga jini ba ya buƙatar lantarki. A ɗebi jini kamar mililita 2 a zuba a ƙaramar kwalbar gilashi, sabuwa, busasshiya, wadda sabulu bai taɓa ba. A ajiye ta a tsaye, kada a girgiza, a dubi agogo. Bayan minti 20 a karkata ta sau ɗaya a hankali. In jinin ya kama ya tsaya, madalla, a ci gaba da sa ido a maimaita. In ya gangaro kamar yadda aka zuba shi, dafi na aiki, a ba da makari. Bayan awa shida a sake gwadawa, in har yanzu bai kama ba a ƙara. Gilashin nan sharaɗi ne, domin shi ke tayar da daskarewar. Wanda ya yi gwajin a sirinji ko kwalbar roba zai iya ganin jinin lafiyayye ya ƙi kamawa, ya ɓarnatar da makari mai tsada a kan wanda ba ya buƙata. Irin wannan ɗan ƙaramin bayani ne ke faɗuwa a hanya idan ilimi ya bi baki zuwa baki.

Makarin ma ba kowanne ba. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka sauya makarin da aka saba da wani da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-mace sun tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1, alhali kwalinsa na cewa yana maganin wannan jinsi. Shi ya sa aikin da aka yi a Kaltungo yake da daraja. A can aka gwada makarai biyu na EchiTAb, waɗanda aka haɗa da dafin macizan Najeriya, a kan mutum 400 da kububuwa ta sara, sakamakon ya fito a 2010, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero yana cikin masu aikin. Hujja ce da aka samo a maƙwabtanmu, a kan macijinmu.

Daga takarda zuwa hannu

An daɗe ana ɗaukar cewa koyar da ma'aikaci shi ne a tara mutane a zauren otal kwana biyu, a haska musu rubutu a bango, a raba takardar shaida da kuɗin mota. Hukumar kula da likitoci ta Najeriya tana neman kowane likita ya tara makin ƙaro ilimi kafin ya sabunta lasisinsa, kuma niyyar mai kyau ce. Amma maki na auna zama a kujera ne. Bincike a kan koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya ya sha nuna cewa ƙwarewar hannu na fara zubewa cikin 'yan watanni in ba a maimaitawa. Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan: hadda ba tilawa zubewa take, kuma ba a ranar musabaƙa ake gyara ta ba.

Misali biyu daga arewa sun nuna irin koyarwar da ke kama jiki. Tun 2002 gwajin Magpie, a kan mata fiye da 10,000, ya nuna allurar maganiziyam salfet na rage faruwar jijjigar masu ciki da fiye da rabi, amma shekaru suka shuɗe asibitoci da yawa na amfani da tsohon maganin sa barci. A 2008 aka ɗauki manyan asibitoci goma na jihar Kano, aka koyar da likitoci da ungozomomi, su kuma suka koma suka koyar da abokan aikinsu, aka ba su ƙa'ida gajera mai sauƙin bi, aka tabbatar maganin na nan. Mutuwar mata masu wannan ciwo ta sauka daga kashi 20.9 zuwa 2.3. Wannan kwatancen kafin da bayan ne, ba na ƙuri'a ba, don haka bai kai FEAST ƙarfi ba, kuma likitan kirki zai lura da hakan. Amma tazarar ta yi faɗin da ba za a ce dace ne kawai ba.

Na biyun kuwa da ƙuri'a aka yi shi. Gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya haɗa asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000, ya fito a 2023. Matsalar da ya tunkara ita ce ido ba ya iya auna jinin da mace ta zubar, zane da katifa sun shanye, sai a ce kaɗan ne har ta fara ganin jiri. Sai aka shimfiɗa wa kowace mai haihuwa wata leda mai aljihu da layukan awo. Da jini ya kai rabin lita, ba a jira, ba a bin magani ɗaya bayan ɗaya ana duba ko ya yi: a murza mahaifa, a yi oksitosin, a yi tiranezamik, a sa ruwa, a duba ko akwai yagewa, duk a tare. An haɗa kayan a keken tura magani guda, an yi ta atisaye a ɗakin haihuwar kansa, an naɗa masu ƙarfafa gwiwa daga cikin ma'aikatan wurin, kuma ana kawo musu alƙaluman aikinsu su gani. Zubar jini mai tsanani, ko tiyata, ko mutuwa a dalilinsa, ta sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6. Magungunan duk tsofaffi ne. Abin da ya sauya shi ne yadda aka koyar da yadda aka shirya ɗakin.

Wa ke bakin aiki ƙarfe biyun dare?

A ƙasashe da dama kula da gaggawa fanni ne mai zaman kansa. Afirka ta Kudu ta amince da shi a 2003, Ghana ta fara horar da ƙwararrunsa a Kumasi a 2009, Tanzaniya a asibitin Muhimbili a 2010. Mu sai 'yan shekarun nan muka kama hanya, kuma ko an yaye su gobe, ba su ne za su tsaya a Mayo Belwa ko Fufore da tsakar dare ba. Wanda majinyaci zai fara haɗuwa da shi nas ce, ko malamin asibiti na shan magani, ko sabon likita mai bautar ƙasa. Domin irinsu ne Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya suka fitar da kwas ɗin kula da gaggawa na matakin farko a 2018, na 'yan kwanaki, littafinsa kyauta, an gina shi a kan matakan nan biyar da kayan da ƙaramin asibiti ke da su.

Yola na da damar da ba ta da ita a 2015. An mayar da jami'ar Modibbo Adama mai koyar da kowane fanni har da likitanci, FMC ta zama asibitin koyarwarta, ga kwalejin jinya da ungozoma ta jiha. Ɗaliban da za su riƙe asibitocin Adamawa shekara 30 masu zuwa yanzu ake gina musu ɗabi'a. A ganina abu mafi tsada da za a ba su ya wuce jerin magunguna, domin jerin zai tsufa kamar yadda kwinin ya tsufa. A koya musu, in mai tallar magani ya shigo da takarda mai sheƙi, su tambaya a kan su wa aka gwada, da me aka kwatanta, kuma me aka ƙirga, rayuwa ko kuwa wani awo da ya gyaru na awa ɗaya. A ba su minti 15 kowane mako a ɗakin da suke aiki, da 'yar tsana da jakar hura iska, kowa ya sa hannu har mai shara da mai gadi su san inda za su tsaya. In an yi rashi, a zauna a bi abin da ya faru daki-daki ba don a nemo wanda za a tsire ba, domin inda ake tsirewa ɓoyewa ake koya.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan wuya a wurinmu. Mun taso da girmama na gaba, kuma tarbiyya ce da ba na so mu rasa. Amma dole a samu hanyar da ƙaramar nas za ta iya cewa, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, an ce an sauya wannan ƙa'idar, ko za mu duba?" babban kuma ya amsa, "Kawo mu gani, 'yata," ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. Babban likitan da ya bar abin da ya shekara 20 yana yi saboda hujja ta zo, a gaban ɗalibansa, ya koya musu abin da babu lacca da za ta koyar. Shi ma uban yaro yana da haƙƙin a tsaya a yi masa bayani da Hausa ko Fulatanci: "Baba, ciwon nan ba na ƙarancin ruwa ba ne, jininsa ne ya yi ƙasa. In muka buɗe ruwan zuciyarsa za ta wahala. Jini muke nema masa." Wanda aka yi wa wannan bayani ba zai sa hannu ya murɗa ledar da kansa ba bayan nas ta juya baya.

Duk abin da muka tattauna a nan daga ƙofar asibiti zuwa ciki yake. Amma awa ukun nan ba a ƙofa take fara ƙirguwa ba, a bakin titi take farawa, ko a gona, ko a ɗakin da mace ta haihu a gida, kuma mafi yawanta a can take ƙarewa. Babi na gaba zai bi majinyaci a wannan tafiya: direban Keke Napep da ke zama motar asibitin mafi yawanmu, yadda ake ɗaga wanda ya bugu a wuya, da dokoki biyu da mutane da yawa ba su san suna da su ba, wato dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar gaggawa, da ta 2017 da ta ce a duba wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba.